Shekarar da Na Daina Cewa Lafiya Lau

Maigidana tela ne. A lokacin da nake ba da labari yana da shago a bakin kasuwar Mubi, da kekuna biyu, ɗaya na ɗinki ɗaya na aikin wuyan riga, kuma duk mai sa babbar riga a unguwarmu ya san hannunsa. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina da fatauci ya zauna. Shi a nan aka haife shi, a nan ya koyi sana'a, Fulatancinsa ma ya fi nawa gogewa. Ni kuma malamar firamare ce a Gella. Kullum da safe ina bin ƙaramar bas in tafi, in dawo wajen la'asar. Yaranmu uku, duka suna makaranta. Ba masu hali ba ne mu, amma ba mu taɓa kai kuka gidan kowa ba.

Ana gab da babbar Sallah, lokacin da teloli ba sa ganin gida, ya faɗi a shago. Maƙwabtansa na kasuwa suka sa shi a Keke mai ƙafa uku na haya suka kai shi asibiti, aka kira ni ina tsakiyar darasi. Kafin in iso ya farfaɗo. Idonsa biyu, yana kallona, amma bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun ƙi motsi. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya daɗe yana cin sa bai sani ba. Na tambaye shi ko hannun zai dawo. Ya ce a yi ta kai shi gashin ƙashi, sauran sai abin da Allah ya yi. Na lura bai kalle ni ba da yake faɗa.

Da aka sallame mu muka dawo gida, sai na gane ashe asibiti hutu ne. A can akwai masu ɗaga shi, akwai masu juya shi. A gida ni ce. Ni ce mai kai shi bayan gida, ni ce mai yi masa wanka, ni ce mai murza hannun da ƙafar yadda aka koya mini, ni ce mai ba shi abinci a baki. Ga masu kaya suna sallama a ƙofa, kowa yana son shaddarsa kafin Sallah. Na yi ta yawo cikin kasuwa da yadudduka a ka, ina roƙon teloli abokansa su karɓi aikin da ya bari, wasu an yanka ba a haɗa ba, wasu ko almakashi bai taɓa su ba. Hutun da makaranta ta ba ni ya ƙare, na koma bin bas ɗin Gella.

Shi kuma sai ya yi shiru. Da farko yana ƙoƙarin magana, amma kalmomin suna fitowa a murɗe, yara su tsaya suna kallonsa ba su gane ba, sai ya daina gaba ɗaya. Ya juya fuskarsa bango. Idan abokansa suka zo dubiya ya rufe ido kamar mai barci. Mutumin da a da muryarsa ke cika tsakar gida da gardamar ƙwallo da ta siyasa, yanzu sai dai ya nuna abu da haɓa. Rana ɗaya ya yi jifa da kofi da hannun hagu, ya daki ƙofa. Na tsince shi na wanke.

Haka na ɗauki abin. Kowa da yadda damuwa take kama shi. Shi ta rufe masa baki, ni ta hana ni zama. Idan na gama aiki sai in ƙirƙiro wani. In wanke abin da na wanke jiya, in share inda na share da safe. A tsaye nake cin abinci, in ma na tuna. Barci kuwa ya zama baƙo, ya leƙo ya koma. Wuyana ya riƙe ta baya kamar an ɗaure da igiya. Wani lokaci ina zaune a bas sai zuciyata ta fara bugu da ƙarfi ba gaira ba dalili, har in duba ko na kusa da ni yana ji. Na zuba gishiri sau biyu a miya. Na taɓa isa Gella da takalmin wanka a ƙafa ɗaya. A aji alli ya yi ta karyewa a hannuna, saboda yadda nake danna shi a allo ban sani ba.

Duk da haka, duk wanda ya tambaye ni ya mai jiki, amsa ɗaya nake bayarwa. Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya gida? Lafiya lau. Ya gajiya? Babu gajiya. Su kuma su ce sai haƙuri, in ce haka ne. Ban san sau nawa aka ce mini sai haƙuri a watannin nan ba. Na san dai har na fara jin kalmar tana yi mini ɗaci a kunne, domin wanda ya faɗe ta ya gama nasa ke nan, ya kama hanyarsa, ni in koma ciki in ɗaga mutum.

Farkon damina ne jikina ya ƙi. Ina rubutu a allo sai na ga baƙaƙen suna iyo, ƙasa ta karkata. Na farka a kan benci a ofishin hedimasta, ana yi mini fifita da kwali. Aka raka ni ƙaramin asibitin da ke kusa. Nas ɗin, wata mace mai sanyin murya, ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa.

Ta ce, "Malama, jininki ya hau sosai. Me yake damun ki?"

Na gaya mata a taƙaice.

Ta ce, "Zan ba ki magani. Amma dole ki rage tunani, ki samu hutu."

Sai na ji dariya ta zo mini, irin wadda ba ta da daɗi. Na ce, "Sista, ki nuna mini wanda zan rage. Na mijin da ke kwance, ko na yaran, ko na aikin da idan na bari ba mai ciyar da mu? Ki zaɓa mini ɗaya, yau ɗin nan zan ajiye shi a nan in tafi."

Ta miƙo mini ƙwayoyin a leda. Ta ce, "Ban san wanda za ki rage ba. Abin da na sani, idan kika ci gaba a haka, gidanku zai zama da majinyata biyu."

Maganar ta bi ni har gida. Ban gaya wa maigidana ba. Amma labari a Mubi ba ya neman izini, kafin magariba ya isa kunnen maƙwabciyarmu.

Katanga ɗaya ta raba mu da ita. Dattijuwa ce 'yar duwatsun Michika, Kirista, Mama muke ce mata duk unguwa. Mijinta ya rasu a shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka shigo Mubi aka gudu aka bar gari, 'ya'yanta sun watsu wurin aiki, ita kaɗai take zaune tana noma wata gona a hanyar Gude. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Shekara da shekaru muna musayar abincin Sallah da na Kirsimeti ta kan katanga, amma ban taɓa shiga harkarta ba, ita ma ba ta taɓa shiga tawa ba.

Ranar Asabar da sassafe ta shigo da fartanya biyu a kafaɗa.

Ta ce, "Malama, tashi. Yau kai zai bi ni gona."

Na ce, "Mama, wane irin gona? Hutu aka ce in yi. Ga kuma mai jiki."

Ta ce, "Babban yarinya yana nan, zai ba shi kunu. Kai kuma ba ka iya hutu ba, na gani. Ina jin tsintsiyanka ta katanga. In ba ka iya hutu ba, zo ka gaji mai kyau."

Ban san abin da ya sa na bi ta ba. Wataƙila don ita kaɗai ce ba ta ce mini sai haƙuri ba. Na leƙa ɗaki na ce, "Malam, zan raka Mama gona." Bai juyo ba.

Muka hau Keke zuwa inda hanya ta ƙare, muka taka sauran, muka tsallake wani ƙaramin mayo, wato rafi, da ruwansa bai kai gwiwa ba. Gonar tana gindin dutse, gyaɗa da masara, ciyawa ta taso ta kusa rufe su. Ta nuna mini kunya ɗaya ta ce in fara daga nan. Sannan ta ɗauki tata fartanyar ta nufi can ƙarshen gonar, nesa da ni.

Kafin ta tafi ta ce, "Nan babu mutum. Dutse ne kawai, kuma dutse ba ya kai gulma. Duk abin da ke cikinka, faɗa."

Rabona da fartanya tun ina yarinya a gonar kakata. Na sunkuya na fara. Da farko bayana kawai nake ji. Can sai na lura ina saran ƙasar da ƙarfin da ya wuce na cire ciyawa. Ina sara ina magana a ciki, sannan maganar ta fara fitowa fili. Na yi wa ciwon nan tas. Na yi wa masu shadda da suka tsaya mini a ƙofa mijina yana kwance. Na yi wa masu sai haƙuri. Na yi wa maigidana ma, da ya juya mini baya kamar ni na kayar da shi. Na faɗi abubuwan da ban san suna cikina ba, da ƙarfi, har na ji muryata tana dawowa daga dutsen. Daga nan kuka ya zo, irin wanda ban yi ba tun ranar asibiti. Na zauna daɓas a kan kunya na yi shi har ya ƙare don kansa.

Mama ba ta zo ba. Ina hango ta tana nomanta, tana waƙar coci da yarensu, ba ta ko waiwaya ba. Sai da rana ta take ta kira ni gindin wata tsamiya, ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa da gorar ruwa. Tafukan hannuna duk sun yi bororo. Ta kama ta duba ta yi tsaki.

Ta ce, "Da na dawo daga gudu, gida babu komai, mutum babu. Addu'a ya ƙi fita, kuka ya ƙi fita. 'Ya'yana suka ce in zo Yola in zauna a kujera. Na ce in na zauna a kujera zan mutu. Nan na zo. Wannan ƙasa ya sha zagi a wurina, bai taɓa rama ba, kuma ya ba ni masara."

Ta kalle ni ta ce, "Yaya gajiya?"

Bakina ya buɗe zai ba da amsar da ya saba. Sai na tsaya. Na ce, "Akwai gajiya, Mama. Na gaji ƙwarai."

Ta ce, "Yawwa."

Na kwanta a kan zanina a inuwar nan, barci ya ɗauke ni, irin wanda na manta akwai shi.

Daga ranar na canza amsa. Ba shiri na yi ba, bakin ne kawai ya ƙi komawa. Wata 'yar unguwa ta tare ni a wajen injin markaɗe ta ce ya mai jiki, na ce babu sauƙi, hannun bai motsa ba, ni ma jinina ya hau. Ta yi turus kamar na zage ta.

Ta ce, "Haba Malama, ai sai ki gode wa Allah."

Na ce, "Na gode masa, kullum ina gode masa. Kuma na gaji. Duka biyun gaskiya ne."

Magana ta zagaya. Aka ce na fara rashin tawakkali. Aka ce mace mai miji a kwance ta bar shi tana bin wata gona duk Asabar, wa ya san abin da ake kitsa mata a can. Wasu suka rage gaishe ni, ban bi su ba. Amma wani abu ya faru da ban zata ba. Matar wani mahauci da ke bayan layinmu, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta fara aiko mana da tuwo ranar da na dawo a makare. Teloli biyu abokan maigidana suka ce su za su riƙa kai shi gashin ƙashi, ba su san ni kaɗai nake kinkimar sa ba, tunda kullum cewa nake lafiya lau. Na yi mamakin yadda na rufe wa kaina ƙofa da bakina tsawon watanni.

Ana cikin haka yayan maigidana ya iso. Shi ne babba a gidansu. Tun shekarar gudu ya kwashe iyalinsa ya koma Funtua bai dawo ba, kuma tun daga nan yake ganin duk wanda ya zauna a Mubi taurin kai ne ya zaunar da shi. Mutum ne mai kirki ta hanyarsa, amma bai saba a ce masa a'a ba. Ya shiga ɗaki ya daɗe da ƙaninsa. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kira ni.

Ya ce, "Na ga halin da ake ciki. Na kuma ji labarin ke ma kin faɗi a wurin aiki. Ga abin da za a yi. Zan tafi da shi Funtua, akwai mai maganin gargajiya da ya tashi mutane da yawa. A rufe shagon, a sayar da kekunan. Ke kuma ki ajiye aikin nan ki biyo mu da yara, akwai ɗaki a gidana."

Na ce, "Yaya, shi me ya ce?"

Ya ce, "Ya amince. Na tambaye shi ya ɗaga kai."

Na sunkuyar da kai yadda ya kamata, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, ka yi haƙuri, ba zan je ba."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Ya ce, "Ba shawara na zo nema ba."

Na ce, "Na sani. Amma a nan ake yi masa gashi, ƙafar ta fara ɗaukar sa. A nan abokan sana'arsa suke. Aikin da ka ce in ajiye shi ne yake riƙe da gidan nan. Idan na bi ka, zan zama baƙuwa a ɗakin wani, da majinyaci da yara uku, ina jiran a ba ni. Wannan ba zai saukar mini da jini ba. Kekunan kuma ba za a sayar ba yana raye yana kallo."

Ya ce, "Dama an gaya mini kin canza."

Na ce, "Gaskiya aka gaya maka."

Na tashi na shiga ɗaki. Maigidana yana kwance, fuska a bango kamar kullum. Tun da ya kwanta ban taɓa ɗaga masa murya ba. Lallaɓa shi nake kamar ƙwai. Ranar na tsaya a kansa na ce, "Malam, juyo ka kalle ni. Kai ka ce za ka tafi?"

Ya juyo a hankali. Ya ɗaga kai.

Na ce, "Ba na son kai. Da baki za ka gaya mini."

Ya yi ta kokawa da harshensa. Na jira. Da ƙyar ya ce, "Na zama kaya."

Na ce, "E, ka yi nauyi. Ina jin nauyinka a bayana da wuyana, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba ɗaga ka ne yake kashe ni ba, shirun nan naka ne. Ba magani za ka nema a Funtua ba. Kunya kake ji. Ba ka son mutanen Mubi su ga bakinka a karkace, shi ya sa za ka gudu inda ba a san ka da keke ba, ka kwanta a can ka mutu, ni kuma in bi ka in taya ka."

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya daki katifa da hannun hagu. Ya yunƙura ya tashi zaune shi kaɗai, abin da kullum sai na tallafe shi. Sannan magana ta ɓarke masa. A murɗe take, rabinta ba ta fita, miyau yana zuba, amma na gane ta tsaf, domin na fi shekara goma ina jin faɗan mutumin nan.

Ya ce ni ce na mai da shi jariri. Ya ce hannunsa na hagu lafiyarsa ƙalau, amma ban taɓa barin sa ya riƙe cokali ba. Ya ce idan ya fara magana kafin ya kai ƙarshe na ƙarasa masa. Ya ce yana jin ina gaya wa mutane a ƙofa wai da sauƙi, shi kuma yana kwance cikin fitsarinsa, sai ya ga ashe abin kunya ne shi, ɓoye shi ake yi. Ya ce na faɗi a Gella, duk gari sun sani, shi kaɗai aka ɓoye wa, kamar ba mijina ba ne.

Na ce ai don kada hankalinsa ya tashi ne. Ya ce hankalin nasa ne, a bar shi ya tashi.

Muka yi ta yi. Na faɗa ya faɗa. Yara suka taru a bakin ƙofa, babbar tana hawaye tana murmushi, domin rabonta da jin muryar babanta haka tun kafin Sallah. Yaya yana tsakar gida yana jin komai. Da muka gaji, maigidana ya goge bakinsa da bayan hannu ya ce a kira masa yayansa.

Yaya ya shigo ya tsaya. Maigidana ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Yaya, na gode. Ba na zuwa."

Washegari Yaya ya kama hanya ko kunun da na dama bai taɓa ba. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata a waya. Idan na karɓa sai ya ce in ba ƙaninsa. Abin ya dame ni, ba zan ce bai dame ni ba, amma ban nemi gafarar abin da ban ga laifinsa ba. Har yau tsakaninmu gaisuwa ce mai tsabta, ba ta wuce nan.

A gida kuwa sai aka sake tsari. Na ajiye masa kwano da cokali na fita. Ya zubar da rabin miyar a riga, na ji ƙarar cokali ya faɗi, na riƙe kaina a kicin ban shiga ba. Wannan ya fi mini ɗaga shi wuya. Idan ya fara magana sai in cije leɓe in jira, ko da na san inda za ta. Na koya wa yara su ma su jira. Ya fara fitowa tsakar gida da sanda, daga baya ƙofar gida. Ranar da ya fara zama a dakali, mutane suna wucewa suna gaishe shi yana amsawa da karkataccen bakinsa, na ga gumi yana keto masa, amma bai shiga ba sai da aka kira magariba.

Hannun dama bai dawo ba. Gara in faɗa, don kada a zaci labarin ya ƙare yadda ake so. Bai sake taka keke ba, kuma akwai ranakun da har yanzu yake juya fuska bango, ni ma akwai ranakun da nake tashi da wuya a ɗaure. Shagon dai ba a rufe ba. Ɗaya daga cikin abokansa da ba shi da shago ya dawo ciki yana ɗinki, shi kuma ana kai shi da safe ya zauna, ya karɓi masu kaya, ya zana aikin wuya da alli da hannun hagu, ya yi faɗa idan layi ya kauce. Ni kuma ina shan ƙwayata kowace safiya, ina zuwa awo. Mama ta yanka mini gefe a gonarta, na shuka gyaɗa. Masu magana sun gaji sun kama wata.

Wata Juma'a a ƙarshen daminar da ta biyo, ya ce zai je masallacin unguwa da ƙafarsa, ba ya son rakiya. An yi ruwa da safe, layinmu duk taɓo. Ya sa farin kaftani, ya ɗauki sanda. Na tsaya a zaure ina leƙe. Ya yi nisa kaɗan, sandar ta zame, ya faɗi a gefensa na dama, cikin taɓon.

Ƙafata ta riga ta fita waje. Na dawo da ita. Maza biyu da ke gaba suka juyo da gudu, ya ɗaga musu sanda ya ce su tsaya. Suka tsaya cirko-cirko. Ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya ja ƙafar mai lafiya ya kafa ta, ya yunƙura ya koma. Ya sake. Na damƙe ƙyauren da hannu biyu. A yunƙuri na gaba ya miƙe, yana haki, rabin kaftanin ja wur da laka. Ɗaya daga cikin mazan ya ce ya koma gida ya sake riga. Maigidana ya ce salla ba za ta jira shi ba, laka kuma ba najasa ba ce. Ya gyara hularsa ya ci gaba, su biyun suna biye da shi a baya, ba wanda ya taɓa shi.

Na tsaya har ya sha kwana. Sannan na koma ciki, domin na jiyo ƙaurin shinkafata ta fara kamawa.